Rawar Safe ta Motar Baba

Litinin, 1 ga wata

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Gwaggo. Ya ƙarfin jiki, ya kuma kunnen? Mu nan lafiya lau, sai mura da ta zaga gidan ta kama kowa, ta tsallake ni don ta ga ba ni da lokacinta.

Na san za ka yi ta juya takardar nan kana neman mai ita. Auta ce, 'yar marigayi ɗan'uwanka, wanda kakanninku suke wa da ƙani. Rabona da kai shekara tara, tun rasuwar Baba, kuma ba ni da bakin kare kaina. Na kira wayarka, Gwaggo ta ce kunnen ya ƙi sam, saƙon waya kuwa ka ce rubutunsa sawun kiyashi ne. Ita ta ce in rubuto in ba direban bas ɗin da ke zuwa garinku Litinin da Alhamis.

Baffa, motar Baba ce ba lafiya. Da ita nake sana'a yanzu, ina koya wa mata tuƙi. Akwai wani tudu a bayan asibiti inda muke koyon tashi a gangare, in na ɗauki ɗalibai uku sai motar ta riƙa nishi. Bakanikena ya ce gidan totur ɗinta, wato bakin da inji ke shaƙar iska ta cikinsa, ya cinye. Ya ce tunda dai canzawa za a yi, a sa wanda ya fi faɗin maƙogwaro. Na yarda. Tudun kam yanzu kamar wasa take hawa, amma garin neman gira na rasa ido. Silonta, wato yadda inji ke aiki a hankali in mota na tsaye, ya tafi. In na tada ta na bar ta tsaye, allurar da ke nuna gudun inji ta haura ta sauko, ta haura ta sauko, sitiyari yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, in an taka birki a mahaɗa sai ta mutu. Da safe abin ya fi muni. Zuwa la'asar sai ta lafa kamar ba ita ba.

Sau uku ina mayar masa da ita, kullum bayan na gama darasi da yamma. Ya tada, ya kasa kunne, ya dube ni ya ce, "Malama, motar nan lafiyarta ƙalau, ƙafar ɗalibanki ce." Tsohon gidan totur ɗin kuma ya riga ya bi masu gwangwan, balle a mayar.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ran 23 ga wata da ƙarfe takwas na safe za a duba motocin masu koyar da tuƙi. Mai dubawar yakan tada mota ya bar ta tsaye yana kallo. In ta mutu ko ta yi wannan rawar, ba takardar izini sai bayan wata shida, ɗalibaina kuma ba za su zauna jirana ba. Maigidana ya fara cewa a rabu da ita a huta. Ni kuwa ko sifanar nan lamba goma da Baba yake ratayewa da igiya a jikin madubi ban iya canza mata wuri ba, ina zan iya rabuwa da motar?

Baba yakan ce kana jin ciwon mota tun daga bakin titi. Ka taimake ni.

'Yarka,
Auta

Juma'a, 5 ga wata

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Gwaggonki na gaishe ki, gwiwa ce kawai ke damunta. Ni kuwa ƙalau nake ci, ƙalau nake barci, don mai kunne irin nawa ba ya jin zakaran maƙwabta. Shekara arba'in ina cusa kaina cikin inji, da na fito sai injin ya riƙe kunnen.

An ce zumunta a ƙafa take. Taki na ga a tayar bas take, ita ma sai da mota ta yi rawa. To, na yafe. Da ba don gidan totur ɗin nan ba ai da har yau ban san kin zama malama ba. Ke da kike ɓuya bayan ƙofa in an tada akori-kurar babanki!

Mu zo kan magana. Ruwa ba ya tsami banza. An faɗaɗa wa inji maƙogwaro, kuma yana rawa da sanyin safiya yana lafawa in ya ɗau zafi. Ni a sanina wannan iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya. Ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa ya toshe 'yar kafar, shi ya sa bakanikenki ba ya ganin komai da yamma. Ki daina kai masa mara lafiya bayan zazzaɓi ya sauka.

Ga abin da za ki yi. Da safe, inji na aiki, ki sami ruwan sabulu a roba mai feshi, ki bi gefen gidan totur inda ya zauna kan inji kina fesawa kaɗan-kaɗan. Ki bi duk ƙananan tiyo na roba da ke wurin. Inda kika fesa kika ji muryar inji ta canza, nan ne. Ki sa a canza gasket ɗin, wato abin da ke toshe tsakanin gidan totur da inji, ko da ya yi miki kama da sabo, kuma a ɗaure notinan a giciye, kada a bi su a jere. Ki duba soket ɗin wayar da ke jikinsa ko ya shiga har ya yi ƙas.

Tunda ba zan ji ta ba, ki ara mini idonki. Ki cika kofin gilashi da ruwa ki ɗora kan bonet, ki faɗa mini abin da ruwan yake yi da safe, da azahar, da la'asar. Sannan ki rubuto mini duk abin da kike yi wa motar nan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Kada ki tace mini, abin da kika raina shi nake so.

Ki ce wa maigidan naki ya yi haƙuri da zancen sayarwa tukuna. Ni na raka babanki ya zaɓo motar nan.

Baffanki

Alhamis, 11 ga wata

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaida Gwaggo da gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Murar gidanmu ta wuce.

Na yi duk abin da ka ce. Na yi feshin sabulu har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wanka nake yi wa inji. Muryarsa ba ta canza a ko'ina ba. Duk da haka na sa an canza gasket, na tsaya a kansa ya ɗaure notinan a giciye. An sami tiyo ɗaya da ya fara tsagewa, shi ma an canza. Ranar na dawo gida motar tana tafiya kamar an shafa mata mai, har na yi wa maigidana gori. Washegari da safe ta koma gidan jiya.

Ga labarin kofi. Da safe ruwan har fantsama yake yi, rabi ya zube kan bonet. Da azahar yana rawa amma ba ya zuba. Da la'asar sai ka ce a kan tebur aka ajiye shi. Kwana huɗu ke nan haka.

Ga kuma yinina, tunda ka ce kada in tace. Ina fitowa ƙarfe bakwai in goge gilashi, in duba mai da ruwa, in mayar da kan batir, in saita agogon mota don kullum a sha biyu nake samunsa, in liƙa alamar mai koyo gaba da baya. Ɗalibar farko wata dattijuwa ce mai ɗinki, ita ta fi shan wuyar motar. Duk mutuwar da ta yi sai ta dafa sitiyari ta ce wa motar, "Yi haƙuri, laifina ne." Jiya ta mutu mana sau biyar kafin mu fita layinmu, masu babur na ta hon, baiwar Allah ta fashe da kuka ta ce kanta ya tsufa da koyo, ba za ta ƙara zuwa ba. Na ji kamar in nutse, don na san ba ita ba ce. Bayan ita akwai huɗu har zuwa la'asar. In na dawo in share ciki, in cire alamar, in kwance kan batir da sifanar Baba kamar yadda ya saba, in rufe ƙofar gareji. Shi ke nan.

Na nuna wa bakanike takardarka don ya ga yadda ake so a ɗaure notin. Ya karanta ya yi dariya ya ce, "Wannan tsohon hannu ne, na zamanin kafireto. Motocin yanzu ƙwaƙwalwa gare su, ba a gane su da kofin ruwa." Ya ce a nemo wani gidan totur irin na asali, amma sai an yi odarsa, ba zai iso kafin 23 ba. Baffa, wataƙila abin ya wuce mu. Ban san abin yi ba.

'Yarka,
Auta

Alhamis, 18 ga wata

Baffa,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Sau biyu ina zuwa tasha in tsaya a bakin bas har kowa ya sauka, direban ya buɗe mini hannu ya ce ba saƙo. Ya ce ya gan ka zaune a ƙofar gida kan benci, ka ɗaga masa hannu, to na san ba ciwo ba ne ya hana ka.

In wani abu na rubuta da bai yi maka daɗi ba, ka yafe mini, ka san Auta bakinta ya fi kanta sauri. Saura kwana biyar. Maigidana ya kawo wani mutum mai son saye, ya zagaya motar yana bubbuga taya da ƙafa, na shige ɗaki don kada in gani. Ko kalma biyu ce ka aiko, ko da cewa za ka yi ka rasa gane ta, zan fi samun natsuwa da wannan shirun.

'Yarka,
Auta

Juma'a, 19 ga wata

Auta 'yata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, Gwaggonki ma da sauƙi. Ba ciwo ya hana ni rubutu ba, fushi ne, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Da na karanta "tsohon hannu," na zo kan "abin ya wuce mu," sai na ɗauka sallamata kike yi cikin ladabi. Na ce to, yarinya ta gwada tsoho ta ga ba mai a jikinsa. Kin san tun da kunnen nan ya tafi ba wanda ya ƙara kawo mini ko keke in duba. Takardarki ta farko ita ce aikin farko da aka ba ni cikin shekara shida, har aski na je na yi. Sai ga ta biyu. Na ninke ta na cusa a aljihu, na zauna kan benci ina hura hanci. Gwaggonki ta rubuta mini a bayan kwalin ashana, don haka muke faɗa yanzu, ta ce, "Cewa ta yi ya wuce mu, ba ta ce ya wuce ka ba." Ban kula ta ba.

Amma mai fushi ba ya barin abin da ya ɓata masa rai. Kullum sai na zaro takardar na sake karantawa don in ƙara jin haushi. Na karanta ta ya fi sau ashirin. Jiya da hantsi, kafin ma bas ya kawo ta ƙarshen nan, idona ya zame daga kan zagin ya faɗa sama kaɗan, inda kika ce kina saita agogo kullum. Na ce me zai sa agogo ya koma sha biyu kullum? Na sake hawa sama, na sauko ƙasa. Na ga sifanar babanki. Auta, sai da na miƙe tsaye daga kan bencin.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni ne na koya wa babanki kwance kan batir. Shekara talatin da wani abu ke nan, lokacin akori-kurarsa tana shanye wuta kafin gari ya waye. Ni na ba shi sifanar nan daga akwatina, ni na ɗaure mata igiya. Na ce masa duk mai son motarsa ba ya barin ta kwana da batir a haɗe. Ya riƙe maganar kamar karatu, ya kawo ta kan motar da ba ta buƙata, ke kuma kika gada.

Bakanikenki ya faɗi gaskiya guda, ko da yake bai san inda za ta kai shi ba. Motar nan tana da ƙwaƙwalwa. Akwai lissafin iska da aka haife ta da shi daga kamfani, na tsohon maƙogwaro. Shi ya sa da can ko kin kwance batir ba ta damu ba, tana farkawa ta tarar da abin da ta sani. Yanzu an sa mata mai faɗi, dole ta koyi sabon lissafi da kanta, kuma tana koya. Abin da kofinki ya nuna ke nan, ni kuma na ce zafin ƙarfe ne. Daga safe zuwa la'asar ta gane, ke kuma ki zo da sifana ki goge mata duk abin da ta koya. Ke malama ce, ki faɗa mini ɗalibar da za ta iya tuƙi in kullum sai an dawo da ita ranar farko.

Ga magani, kuma ba ya cin ko noti ɗaya. Ki ɗaura kan batir ki ɗaure shi tamau, kada ki ƙara taɓa shi. Ki tada ta, ki kashe rediyo da fitilu da komai, ki cire ƙafarki daga totur. Za ta yi rawa, za ki ji kamar ki taimake ta, kada ki taimake ta. In ta mutu ki sake tadawa. Ki bari har fankar inji ta tashi ta tsaya sau biyu, ki ƙara mata minti goma. Sannan ki kunna fitilu ki ba ta wasu minti biyar. Daga nan ki fita da ita ke kaɗai, ki bi hanya mai yawan tsayawa. Sauran kwanakin ki yi aikinki yadda kika saba.

In da safe ruwan ya zube duk da haka, to na yarda ni tsohon hannu ne, a sayar da ni tare da motar.

Baffanki

Talata, 23 ga wata

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe ka, ina ƙara gaishe ka. A gaida Gwaggo, a ce mata ashanarta ta yi aiki. Kowa lafiya.

Mun wuce! Takardar izinin tana gabana yanzu haka, na ɗora mata kofin nan don kada iska ta ɗauke.

Bari in faɗa maka daga farko. Ranar da saƙonka ya zo na karanta shi a tsaye a tasha, na yi dariya har hawaye, direban ya zaci rasuwa aka yi. Na yi yadda ka ce. Wallahi Baffa cire ƙafa daga totur ɗin nan ya fi komai wuya, sai da na zauna a kujerar gefe na harɗe hannu. Amma wanda ya fi shi wuya shi ne yamma. Na share mota, na cire alama, ban ankara ba sai ga ni gaban bonet da sifana a hannu. Shekara tara hannuna na yin abin nan, kuma a duk yini, lokacin nan ne nake tuna Baba. Na tsaya na yi masa addu'a, na mayar da bonet na rufe.

Washegari na fito da kofi. Abin da na fara gani agogo ne, bakwai da minti huɗu, daidai da na hannuna. Na tada ta. Allura ta haura, ta sauko a hankali, ta zauna. Ruwan ya ɗan yi motsi ya kwanta. Na ƙwala wa maigidana kira ya fito da buroshi a baki, ya dubi kofin ya dube ni, ya ce, "To ai sai in kira mutumin in ce ya nemi wata."

Yau mai dubawar ya tada ta ƙarfe takwas da kwata, ya tsaya riƙe da allonsa. Ya kunna fitilu, ya murɗa sitiyari, ya taka birki. Ni dai allura nake kallo, ban san na riƙe numfashi ba sai da ya ce, "Malama, shaƙi iska mana, motarki ma tana shaƙa." Ya sa hannu.

Daga can gidan mai ɗinkin nan na wuce kai tsaye. Na ce mata ba kanta ne ya tsufa ba, motar ce ake sa wa mantuwa. Ta shiga, ta kai mu har tudun bayan asibiti ta dawo ba mutuwa ko ɗaya. Da muka tsaya ta dafa sitiyari ta ce wa motar, "To yau ke za ki ba ni haƙuri."

Bakanike kuwa da na ba shi labari ya daɗe yana sosa ƙeya. Ya ce a tambaye ka ko zai iya rubuto maka, akwai wata mota da ta yi wata biyu a garejinsa ta gagare shi. Na ce sai na nemi izini.

Ga sifanar nan a cikin ambulan, da igiyarta. In ta zauna a motar, hannuna ba zai bari ba. Kuma ban taɓa nufin sallamarka ba, Baffa. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen wata zan zo da kaina, a motar Baba.

'Yarka,
Auta

Juma'a, 26 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Alhamdu lillahi, na sauke nauyin da ban san girmansa ba sai da ya sauka.

Sifana ta iso. Ƙullin igiyar nawa ne, babanki bai taɓa kwance shi ba. Na daɗe riƙe da ita, har Gwaggonki ta miƙo mini kwalin ashana ta ce ba a kuka da ƙarfe a hannu.

Ki ce wa bakaniken ya rubuto, amma ya fara sayen kofi. Ni ma aiki ya same ni, don na zauna na lissafa mutum goma sha ɗaya a dangi da na koya wa kwance batir, kuma bakwai suna raye da motocinsu. Na sayo takarda.

In kin iso, kada ki kashe ta a ƙofar gida. Ki bar ta a kunne ki yi mini alama in fito. Kunnen ya tafi, amma tafin hannuna yana nan, ina so in ɗora shi kan bonet ɗin nan in ji ta da kaina.

Baffanki